Na'urar Gano Iskar Gawayi: Yadda Na Same Ta Bayan Hunturu Guda a Ɗa'ifa

Wanda ya yi hunturu a Ɗa'ifa ya san sanyinta ba irin na Makka ba ne, domin gari ne na kan duwatsu, kuma da dare ya yi sai mu rufe ƙofa da taga mu jawo kaskon garwashi tsakiyar ɗaki. Bara maiɗakina ta riƙa tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, muna ta ɗora wa mura laifi, har wani maƙwabcinmu ma'aikacin jinya ya ce mini, "Malam, ka binciki kaskon nan kafin ka nufi kantin magani."

Sai na sayi na'urar gano iskar kabon monoksaid mai batir, wadda girmanta bai wuce tafin hannu ba, na kafa ta a bango kamar mita biyu daga mazaunin kasko. Wannan iska mai guba, wadda garwashi ke fitarwa, ba ta da launi ko wari, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sama da sau 200, shi ya sa takan kashe mai barci bai farka ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi, wanda muke ɗauka ya huce da sharrinsa, shi ne ya fi ɗaga lambobin da ke fuskar na'urar. A dare na huɗu ta tsala kuka mai huda kunne, muka buɗe tagogi muka fito da yara waje, sannan aka fitar da kaskon. Turaren wuta na 'yan mintuna, wanda uwargida ta ji tsoron zan hana, bai taɓa tayar da ita ba.

Aibinta, a ganina, jinkiri ne. Bisa ƙa'idar Turai ta EN 50291 da aka ƙera ta a kai, idan iskar tana ma'auni 50 (wato kashi 50 cikin miliyan na iskar ɗaki) sai an yi minti 60 zuwa 90 kafin ta yi ƙara, amma a 300 ba ta wuce minti 3. Takardar bayaninta kuma ƙananan haruffa ne masu gajiyar da ido, sai da na sa tabarau na ga ranar ƙarewar aikinta a bayanta.

Ban yi nadamar kuɗina ba. Yanzu kasko ba ya kwana a ɗaki, ina danna maɓallin gwaji kowace Juma'a, kuma na manna lambar Difa'ul Madani (hukumar kashe gobara da ceto ta Saudiyya), 998, da ta motar asibiti, 997, a ƙarƙashinta. Na'ura ta biyun da na saya tana kusa da hitar ruwa mai gas.