Na leƙa gidan Rimsky-Korsakov a Sant Fitasbag

To jama'a, wata abokiyar karatuna ce ta matsa min sai mun je gidan wannan shahararren mai tsara kiɗa na ƙasar Rasha, ni kuwa da ma kiɗan turawa irin na goge da fiyano bai taɓa damuna ba, na dai bi ta ne saboda kunya. Gidan yana titin Zagorodny lamba 28, ba nisa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Vladimirskaya, amma a can cikin tsakar gida yake, mun ɗan yi bulayi cikin sanyi kafin mu gano ƙofar.

A nan mutumin ya yi shekara 15 na ƙarshen rayuwarsa, daga 1893 har ya rasu a 1908, kuma a 1971 aka mai da wurin gidan tarihi. Ɗakuna huɗu aka gyara aka mai da su yadda suke a da. Wanda ya fi burge ni ɗakin aikinsa ne, tebur biyu, nasa da na matarsa Nadezhda wadda ita ma gwanar fiyano ce. A falo kuma ga fiyanon da manyan masu kiɗa irin su Rachmaninoff da Stravinsky suka taɓa kaɗawa, wai a zamaninsa ran Laraba ake haɗuwa a sha kiɗa, abin dai kamar majalisa.

Amma ni labarin koyarwarsa ne ya tsaya min a rai wallahi. Bawan Allah nan fa sojan ruwa ne, an haife shi a garin Tikhvin a 1844, ya yi kusan shekara uku a teku, sai gashi a 1871 an ba shi farfesa a makarantar kiɗa ta birnin yana ɗan shekara 27, alhali shi da kansa ya faɗa cewa ƙa'idojin da zai koyar ɗin bai gama saninsu ba. Tab! Wani da sai ya yi ta cika baki yana burga, shi kuwa ya koma ya duƙufa karatu, ya koya yau ya koyar gobe, har ya zama malamin malamai, manyan masu tsara kiɗa Glazunov da Prokofiev duk sun zauna gabansa, Stravinsky ma ya yi karatu wurinsa. A 1905 da ɗalibai suka yi bore ya goyi bayansu aka kore shi, daga baya aka dawo da shi. Ni da na taɓa koyarwa a firamare ina gaba da yara da shafi ɗaya tal, abin ya taɓa ni sosai.

Da na koma hostal na nemo kiɗansa mai suna Scheherazade na 1888 na sa a kunne, ashe Shaharuzad ɗinmu ce ta Dare Dubu da Ɗaya, gogen nan mai siririyar murya ita ce ke ba da labari, ƙahonin masu kauri kuma sarki ne ke huci. Kusan minti 45 ne, na saurara har ƙarshe ban taɓa waya ba.

Wurin ƙarami ne, awa ɗaya ta ishe ka, in Rashancinka bai nuna ba ka tafi da mai fassara kamar yadda na yi. Kuma dan Allah ka saurari kiɗan tun kafin ka je, ni baibai na yi nawa.