Na je wani tsohon gida a Bronx, cikin birnin New York

Salam Yaya, ya gida ya jikin Inna? Kin ce kullum "lafiya lau" kawai nake turo miki, to yau ga labari. Ranar Lahadi ba aiki sai na hau jirgin ƙasa mai lamba 1 har ƙarshen layi a titi na 242, kuɗin kusan dala 3 ne nisa ko kusa, ba rigima da kwandasta ba "ciko hamsin", katin banki kawai zaki ɗora ƙofa ta buɗe.

A cikin filin shaƙatawa na Van Cortlandt gidan da na je gani yake, na dutse ne, kuma shi ya fi kowane gini tsufa a Bronx amma wallahi ƴan uwanmu da suka shekara goma anan basu san da shi ba. Wani Frederick Van Cortlandt jinin mutanen Holan ya fara ginin a 1748 lokacin Turawan Ingila ke mulkin nan, bai ma ga ƙarshensa ba ya rasu, ɗansa James ya gada. George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, ya sauka a ciki a 1783. Saman tagogi an sassaƙa wasu fuskoki masu muni, da Inna ta gani cewa zata yi gidan aljanu ne.

Abun da ya tsaya min a rai, gonar alkama ce da wajen niƙa a da, kuma bayi ƴan Afirka ne suka yi aikin, maƙabartarsu na cikin filin sai 2021 aka karramata. Na daɗe a tsaye ina kallon katangar nan ina cewa ƙila hannun wani daga wajenmu ne ya ɗora dutsen.

Kula kam sun iya, tun 1897 ake shiga kallo, komai an rubuta bayaninsa, kujera ma an ja igiya kar ki taɓa. Sai dai ni nafi son irin namu da dattijo zai zaunar da kai ya baka tarihi da baki har ya haɗa da kirari. Ruwan gora kuma dala 2 na saya a bakin titi, dana lissafa da naira sai ƙishin ya tafi.

In kun shiga Kano hutun nan ki kai yara Gidan Ɗan Hausa, na Hanns Vischer, Baturen da ake ma laƙabi da Ɗan Hausa, ki ɗauko min hotuna in nuna ma abokin aikina, ya ƙi yarda ginin ƙasa na wuce shekara 100.