Makarantun Kweka a Amurka: wacce za ki kai ɗanki, da abin da za ki tambaya kafin ki biya ko sisi

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka ji na mayar da yarinyata makarantar 'yan Kweka wayata ba ta huta ba, wannan ta kira daga Bronx, waccan daga Columbus, har wata Hajiya daga Kano da ke son turo jikanta, kuma kusan tambayar kowa ɗaya ce: wacce ta fi, nawa ne, kuma ba za su juya mana yara ba? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani, ni ma'aikaciyar jinya ce a Shikago, yawanci aikin dare nake yi, kuma sai da na sha wuya kafin na gane hanya.

Da farko su wane ne ma 'yan Kwekan. Ƙungiya ce da ta fito daga cikin Kiristanci a Ingila wajen 1652, wani George Fox ne ya assasa ta, su da kansu Friends suke kiran junansu wato aminai. William Penn da ya kafa Pensilbaniya a 1681 nasu ne, shi ya sa makarantunsu suka fi yawa a yankin Filadelfiya. Tun 1688 wasunsu a Germantown suka rubuta takardar ƙin bautar da bayi, kuma a 1947 ƙungiyoyinsu biyu na agaji suka karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ba sa yaƙi, ba sa rantsuwa don sun ce maganar mutum ɗaya ce ko a kotu ko a kasuwa, ba sa son almubazzaranci. Ibadarsu ta asali zama ne shiru, babu fasto babu waƙa babu gicciye a bango, wanda wani abu ya zo masa a zuciya sai ya miƙe ya faɗa ya zauna. Ba zan ɓoye miki ba Hajiya, tushensu Kiristanci ne, kuma wannan zaman shirun kowane ɗalibi sai ya halarta. Ni sai da na je na zauna a ciki da kaina, na kuma tambayi malaminmu, kafin hankalina ya kwanta. Yarinyata tasbihinta take yi a zuci har a tashi. Ke ma ki je ki gani da idonki, kar ki tsaya kan maganata.

Yanzu ga zaɓin. Sidwell Friends ta Washinton kowa ya san ta saboda 'ya'yan Obama da 'yar Clinton sun yi, amma jeka-ka-dawo ce kuma kuɗinta ya haura dala 50,000 a shekara, ba tamu ba ce. Westtown ta 1799 da George School ta 1893, duka a Pensilbaniya, manya ne masu ɗalibai ɗaruruwa, George School na da tsarin IB, wato manhajar karatu ta ƙasa da ƙasa, amma kuɗin kwana ya wuce dala 60,000 kuma ni ba girma nake nema ba. Oakwood Friends a Poughkeepsie ta dace da 'yan New York don jirgin ƙasa na zuwa garin. Olney Friends a Barnesville ta Ohio, tun 1837, ƙarama ce ita ma kuma 'yan Columbus su duba ta, ni nisa ne ya hana ni. Masu zama Ingila akwai Bootham a York da Ackworth da Leighton Park a Reading.

Tawa ita ce Scattergood, kuma ba na jin kunyar faɗi. Tana wajen wani ɗan gari West Branch a jihar Ayowa, garin da aka haifi shugaba Herbert Hoover wanda shi ma ɗan Kweka ne, daga Shikago kusan awa uku da rabi zuwa huɗu a mota. An kafa ta 1890, ta rufe a 1931 lokacin karyewar tattalin arziki, sai daga 1939 zuwa 1943 aka mayar da ginin masaukin 'yan gudun hijira da suka tsere wa Hitila, mutum sama da 180 suka zauna a wurin, sannan aka sake buɗe makarantar a 1944. Wallahi wannan tarihin ya taɓa ni, wurin da ya saba karɓar baƙon da ya zo ba shi da kowa, ai mu ma baƙi ne a ƙasar nan. Ɗaliban gaba ɗaya ba su kai 100 ba, kowa ya san kowa, idan yaro bai fito karin kumallo ba kafin a gama an lura. Makarantar na da gonarta, wani ɓangare na abin da suke ci daga nan yake fitowa, kuma kowane ɗalibi na da aikin da aka ba shi, wannan girki, wannan wanke-wanke, wannan shara, wannan gona, ana juyawa, malamai ma suna ciki ba wai tsayawa suke a kansu ba. Yarinyar da a gida sai na yi magana sau uku kafin ta ɗauki tsintsiya, ta dawo hutu na tashi daga barcin bayan aiki na tarar ta kwaɓa fulawa ta gasa burodi ta wanke tukwane. Abin da kakanninmu suke yi ne fa, yaro ya tashi da aiki a hannu, mu ne muka zo nan muka saki.

Abu ɗaya da ya yi mini nauyi da farko, yara suna kiran malamai da sunansu kai tsaye, babu Malam babu Sa. Ni da aka rene ni ba na iya faɗin sunan 'yar farina ma, sai na ji abin wani iri. Daga baya na gane daga aƙidarsu ta daidaito ne, kuma ban ga ya kawo raini ba, amma na ja mata kunne cewa wannan a makaranta ya tsaya, in ta zo gida Kawu Kawu ne Gwaggo Gwaggo ce. Haka kuma yawancin shawara ba ƙuri'a suke kaɗawa ba, zama ake a yi ta magana har a samu matsaya da kowa zai iya ɗauka, yana cin lokaci amma yaro mai kunya irin tawa a nan ta koyi buɗe baki a gaban mutane.

Karatu kuwa, gaskiya ɗaya ce. Aji ƙarami ne, ba inda yaro zai ɓuya a bayan wani, ana yawan rubutu da tattaunawa da aikin hannu, darasin kimiyya ma wani lokaci a gona ake yin sa. Amma ƙaramar makaranta ba za ta iya ba ki jerin darussa irin na babba ba, wasanni ma haka, in ɗanki burinsa ƙwallon kwando ya kai shi jami'a to ki nemi wani wuri. Ki ce su nuna miki jami'o'in da ɗalibansu suka shiga a shekaru uku na baya, da adadin shekarun da malaman lissafi da kimiyya suka yi a makarantar, don inda malami ɗaya ne ke riƙe da fanni, ranar da ya tafi an ji a jika.

To maganar hutu da bukukuwa, nan ne ni na ƙone, kuma nan nake so ku buɗe kunne. 'Yan Kwekan zamanin da ba sa bikin Kirsimeti sam, sun ce duk ranaku na Allah ne babu wadda ta fi wata, har shagunansu suke buɗewa ranar 25 ga Disamba, sunayen ranaku da watanni ma lamba suke sa musu, Rana ta Ɗaya, Wata na Goma. Yanzu an sassauta, za ki ga ana cin abinci tare kafin hutun sanyi, ana kiɗa da waƙe, wasu wuraren ana kunna kyandir ana musayar ƙananan kyaututtuka, amma ba irin hayaniyar da muke gani a kantuna ba, kuma wannan sauƙin ya sa yaron Musulmi ba ya jin shi bare ne a watan Disamba. Sai dai bikin ba shi ne matsalar ba, rufe ɗakin kwana ne matsalar. Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa, Alhamis ta huɗu ce a Nuwamba, sai hutun sanyi na ƙarshen Disamba, sai na bazara wajen Maris, kuma makarantun kwana da yawa suna kulle hostel a waɗannan lokutan. Makarantar da na fara kai ta, ba zan kama suna ba, babu wanda ya gaya mini wannan, ranar Laraba ina cikin aiki yarinya 'yar shekara 14 ta kira ni tana kuka wai an ce kowa ya fita kafin azahar, tana zaune da akwatinta a tashar mota cikin sanyi, ni kuma tsakanina da ita tafiyar awa shida. Har yau in na tuna ƙirjina bugawa yake. Azumi ya zo, kicin a kulle daga ƙarfe bakwai na yamma, wata guda tana sahur da biskit da ruwan famfo, ba ta faɗa mini ba sai bayan salla don kar in damu.

Don haka kafin ki sa hannu, ki sa su rubuta miki a imel, ba a baki ba: wace rana ake rufe ɗakin kwana da ƙarfe nawa, wa ke kai yaro tasha ko filin jirgi, in ba za ki iya zuwa ba gidan wa zai sauka kuma an tantance gidan ko a'a. Ki tambayi sahur da buɗa-baki, don a shekarun nan azumi cikin zangon karatu yake faɗowa, Fabrairu da Maris. Ki tambayi ranar idi, za a ba shi izini ba tare da an rubuta masa fashi ba? Ki tambayi nama, musamman a Ayowa da ta fi kowace jiha kiwon alade a Amurka, ki ji ko ana raba tukwane kuma akwai abincin da ba nama kullum. Ni da na yi waɗannan tambayoyin a wannan karon a Scattergood an zauna da ni an amsa ɗaya bayan ɗaya, kuma da azumi ya zo ana ajiye mata abincinta. Ga kuma masallaci a Iowa City kusa da su inda 'yan Sudan suke da yawa, ga Cedar Rapids ƙasa da awa ɗaya, inda tsohon masallacin nan na 1934 yake wanda ake kira uwar masallatan Amurka. Na kai ta can ta gani don ta san Musulmi sun daɗe a wannan ƙasar noman.

Sai 'yan damfara, Allah ya isa tsakanina da su. Waccan makarantar ta farko wani ejan ne ya haɗa ni da ita, ɗan uwanmu ne ma mai jin Hausa, ya karɓi dala 1,500 wai kuɗin shawara, ya rantse mini ta 'yan Kweka ce, ashe ko alaƙa babu. Ku sani ba duk inda aka rubuta Friends ko Quaker ba ne nasu, hatta Quaker Oats da muke dama wa yara kamfani ne kawai da ya ari sunan. Akwai Friends Council on Education a Filadelfiya, suna da jerin makarantun da ke cikinsu, ki duba sunan a can da kanki. Sannan su kansu Kwekan ba iri ɗaya ba ne, akwai reshen da ke da fasto da wa'azi da waƙoƙin coci, irinsu ne suka fi yawa a Kenya inda suka sauka a Kaimosi tun 1902, kuma a Amurka ma akwai makarantu masu sunan Friends da darasin Baibul wajibi ne a cikinsu. Ba laifi suka yi ba, addininsu ne, amma ki tambaya ƙarara ko ibadar ta shiru ce ko mai fasto, ejan ba zai gaya miki ba don shi kamashonsa yake hange.

Masu turo yara daga gida ku kuma naku ya fi haɗari. Takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar karatu, makaranta ce kaɗai ke bayarwa, kuma sai wadda gwamnatin Amurka ta amince mata, ba a sayar da ita, duk wanda ya ce kawo miliyan kaza in samo maka ɓarawo ne ko da a sahun gaba yake salla. Kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban da ke zuwa daga waje, dala 350 ne kuma gwamnati ake biya kai tsaye. Kuɗin makaranta asusun makaranta ake turawa, ba asusun wani Alhaji ba, kuma in aka turo imel wai an canja lambar asusu ki ɗaga waya ki kira ofishin da lambar da ke shafinsu kafin ki tura. Dokokin biza na 'yan Najeriya da Nijar suna ta canjawa, ku fara duba shafin ofishin jakadanci kafin ku biya kuɗin ajiye gurbi, ku kuma tambaya ko ana mayarwa in biza ta ƙi. Wanda ya ce zai tabbatar maka da sikolashif ɗari bisa ɗari in ka ba shi wani abu, ƙarya yake, tallafin kuɗi fom ake cikewa a nuna abin da iyali ke samu, makaranta ta yanke. Ni ta haka na samu ragi, ban ba kowa ko taro ba, kuma kar farashin da ke rubuce ya tsorata ki ki fasa nema.

Abu na ƙarshe da ya shafi har wadda nake so, ƙananan makarantu aljihunsu ba zurfi. Makarantar Kweka ta Saffron Walden a Ingila ta shekara sama da 300 amma ta rufe a 2017, Sandy Spring ta Maryland ta sanar da rufewa a 2025 sai da tsofaffin ɗalibai da iyaye suka tashi tsaye aka fasa. Ki tambayi shugaban makaranta yawan ɗaliban bana da na bara da na bara waccan, ni duk shekara sai na tambaya kafin in sabunta. In za ki kai ziyara ki zaɓi ranar karatu ba ranar da aka shirya wa baƙi ba, ki ci abincin rana tare da yaran, ki leƙa banɗakin hostel, ki ce a nuna miki inda ɗanki zai shimfiɗa sallaya.