Sharhi: samfurin kififfiyar Stupendemys da na saya wa ajina

Wata uku ke nan ina amfani da wannan samfurin roba a darasin kimiyyar halittu, don haka yanzu ina da bakin magana. Ta intanet na yi odarsa, ya yi mako uku a hanya, ya iso cikin kwali cike da soso, ko ƙwarzane babu.

Ita Stupendemys kififfiya ce ta ruwan daɗi da ta rayu a arewacin Kudancin Amurka tsakanin shekaru miliyan 13 zuwa 7 da suka wuce. A Urumaco ta ƙasar Benezuwela aka fara tono ƙasusuwanta, masanin kimiyya Roger Wood ya raɗa mata suna a 1976. Ƙoƙon baya mafi girma da aka samu ya kai mita 2.86, nauyinta kuma an ƙiyasta ya haura tan ɗaya. Nawa bai wuce tafin hannu biyu ba, amma maƙeran sun yi ƙoƙari. Ƙahonnin nan biyu da ke gaban ƙoƙon namiji, hagu da daman wuya, sun fito sarai, har da tabon cizon kada a gefe. Yara sun yi ta layi suna shafa wurin.

Wuyan ne ya ɓata min rai. In ka tura kan, sai ya shige ciki kai tsaye irin na kunkurun tudu. Alhali wannan dabba daga dangin masu lanƙwasa wuya gefe take, ta kwantar da kanta ƙarƙashin leɓen ƙoƙo, kuma abin da na saye shi in nuna ke nan. Wani yaro a bencin baya ya riga ni magana: "Malam, ai kififfiyar kududdufinmu ba haka take yi ba." Gaskiyarsa, tasu da Stupendemys dangi ɗaya ne. Washegari sai ga shi da ita a bokiti. Da na ɗan taɓa mata hanci, ta karkata wuya zuwa hagu ta lafe, ido ɗaya na kallonmu. Ajin ya kaure da ihu. Bayan an tashi na sa ya mayar da ita ruwanta.

Fentin ƙafafun ya fara ɓarewa, takardar bayanin kuma Turanci zalla ce. Na rubuta wa mai sayarwa kan batun wuyan, haƙuri kawai ya ba ni. Tauraro uku cikin biyar na ba shi. Kan kuwa na liƙe shi da gam a waje, kada wani ya sake tura shi ciki.