Tsakuwar matsarmama: yadda ake yi da ita a Ingila da yadda muke yi a Jos

'Yan'uwa da ke Jos, ina gaisuwa. Tambayar da aka fi aiko wa mazauna Ingila a kan wannan ciwo ita ce: a haɗa kuɗi a kawo mara lafiya nan, ko a yi masa aiki a gida? Amsar ba za ta fito ba sai an san ciwon tukuna.

Matsarmama 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta, tana tara ruwan ɗacin da hanta ke yi, ta matso shi cikin hanji idan an ci maiƙo. A cikinta tsakuwa ke haɗuwa, kuma da yawa suna ɗauke da ita har tsufa ba su sani ba. Masu sikila sun fi saurin samunta tun suna yara. Masifar takan zo ne in 'yar ƙarama ta zurare cikin bututu ta toshe bakin da ke zubarwa cikin hanji, domin ta wannan bakin ne fankiriyas ma ke zubar da nata ruwan. Fankiriyas tana kwance bayan tumbi, ita ke yin insulin da ruwan narka abinci. In aka tare mata hanya, sai ruwan ya juyo yana cin ta ita kanta. Shi ya sa tsakuwoyi kamar ƙwayar dawa sun fi guda ɗaya babba haɗari.

Ciwon fankiriyas ɗin a ƙahon zuci yake kamawa, ya ratsa zuwa baya, ga amai, mutum ya kasa kwanciya rigingine sai dai ya zauna ya dunƙule. A gida sai a ɗauka olsa ce. A ruga kemis, a sayo farin maganin nan na kwalba, a yi allura, a kwana biyu ana jiran sauƙi. Nan ne babban bambancin yake. A Ingila mai kemis ba ya allura irin wannan, ba ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta don irin wannan ciwo sai da takardar likita, don haka dole ƙafa ta kai mutum asibiti. A can za a ɗebi jini a auna amilez ko laifez, sinadaran narka abinci da fankiriyas ke fitarwa. In ya ninka iyakarsa sau 3, ga kuma irin wannan ciwo, magana ta tabbata. Sai hoton ciki na sikanin, wanda ya fi fita in an yi awa 6 ba a ci komai ba. Gwajin nan biyu duk ana yinsu a Jos. Abin da ya rage shi ne a nemi a yi su a ranar farko.

Maganin farko ba wani abin mamaki ba ne: ƙarin ruwa, maganin ciwo mai ƙarfi, a fara cin abinci mara nauyi da zarar amai ya tsaya. Kusan 4 cikin 5 suna warwarewa cikin mako guda. Sauran ne ciwon ke taɓa musu ƙoda da huhu har a kai su ɗakin kulawa ta musamman.

In ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayi ba madara, ga zazzaɓi da rawar ɗari, kada a ce shawara ce a kama jiƙe-jiƙe. Tsakuwar ce ta maƙale a bututu. Ana ciro ta da wani aiki da ake kira ERCP: a zura tiyo mai kyamara ta baki har hanji, a buɗe bakin bututun a jawo ta. Nan manyan asibitoci suna da shi. A gida ba ko'ina ba, sai a tambayi likita tun da wuri inda ake yi, ko da za a je Abuja ko Legas.

Abin da ya fi burge ni a tsarin Ingila shi ne ƙa'idar cire matsarmamar kafin a sallami mara lafiya, ko cikin mako 2, in ciwon mai sauƙi ne. Mu kuwa da an ji dama sai a ce Allah ya kawo sauƙi, a koma gida da jakar cike da tsakuwa, bayan 'yan watanni a dawo da wanda ya fi na farko.

Amma kada a ɗauka nan aljanna ce. Wanda ciwonsa ke zuwa yana tafiya, sai ya bi ta likitan unguwa ya shiga layi. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta yanka wa kanta mako 18 na jira, kuma sau da yawa ana zarce haka. A Jos in kuɗi na hannu ba a yin wannan jira. Maganin kyauta na NHS ma na mazauna ne: mai bizar zama yana biyan fam 1,035 a shekara tun 2024, baƙo kuwa ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin. A ɗora biza da jirgi da masauki. A ganina gara a kashe kuɗin a gida wajen likitan fiɗa da ya saba.

Fiɗar iri biyu ce. Ta huji, wadda wani likita ya fara a Jamus a 1985, ita aka fi yi a nan: huji 3 ko 4 kamar faɗin farce, a hura iska cikin ciki, a ɗaure bututun da jijiyar jini, a zaro jakar. Awa ɗaya zuwa biyu, a sallami mutum ranar ko washegari, mako 2 ya koma harkarsa. Ta yanka kuwa ƙarƙashin haƙarƙarin dama ake tsagawa, kwana 3 zuwa 5 a gado, mako 6 zuwa 8 kafin a warke. In likita ya fara da huji ya ga kumburi ya rufe hanya ya koma yanka, ba kasawa ba ce, gudun yanke babban bututu yake. Ko a asibitin koyarwa na Lamingo ne ko a wani, a tambayi wacce za a yi, a karɓi lissafin kuɗi gaba ɗaya a rubuce, a ji ko inshorar NHIA ta ɗauki wani ɓangare.

Bayan aiki, ciwon kafaɗar dama na kwana biyu iskar nan ce. A riƙa takawa a tsakar gida, amma ban da ɗaukar jarkar ruwa da daka. Wasu sukan yi ta gudawa na ɗan lokaci, saboda ɗacin yanzu kai tsaye yake ɗiga cikin hanji. Zazzaɓi, rawayar ido ko kumburin ciki, a koma asibiti a daren.

A kantunan nan ana manna alama a abinci: kore in maiƙo bai wuce giram 3 cikin 100 ba, ja in ya haura 17.5. Mai awara da mai ƙosai ba su da wannan takarda, to ido ne ma'auni. Mai jiran aiki ya janye daga tsire mai kitse, man shanu da soye-soyen buɗa baki. Ta nan kam kun fi mu: gwaten acca, dafaffen dankali, kabeji da karas na Farin Gada, kifi gasasshe. Zancen shan man zaitun da lemon tsami don wanke tsakuwa kuwa, korayen dunƙulen da ke fita man ne ya daskare a hanji. A koma hoto za a tarar da tsakuwar tana nan.