Hattara da mai tallar fik ɗin jita a WhatsApp, ya ci mini N22,500

Kwana huɗu ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari, don na san akwai masu dariya. Ku yi dariyarku. N22,500 na tura wa wani ɗan damfara a kan fik ɗin jita, wato ɗan robar nan mai kusurwa uku da ake kaɗa tsirkiya da shi, wanda bai kai murfin kwalbar lemo nauyi ba. N22,500. Ni da ke koyarwa a makarantar kuɗi nan Birnin Kebbi, wanda ya san albashin malamin makarantar kuɗi ya san abin da wannan kuɗi yake nufi.

Kafin wani ya ce ai wauta ce, ku tsaya ku ji yadda mutumin ya yi magana. Ni ba yaro ba ne. An sha kira na a waya ana cewa daga banki ne, a ba da lambar BVN, ina kashe wayar tun kafin su gama sallama. Wannan daban ne wallahi. Abin da ya fara tambaya ta shi ne jitar tawa mai tsirkiyar ƙarfe ce ko ta nailan. Na ce ƙarfe. Ya ce wata nawa da farawa, na ce uku. Sai na ce masa ina son mai kauri, irin wanda na ga masu solo, wato masu kaɗa tsirkiya ɗaya-ɗaya, suna riƙewa a YouTube. Ya ce a'a Malam, kada ka ɓata kuɗinka, ɗan koyo ba ya farawa da mai kauri. Ya ce in fara da mai kaurin milimita 0.60 ko 0.73, don siriri yana lanƙwasawa idan kana share tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, ba ya maƙalewa, hannu kuma bai saba ba tukuna. Mai kaurin milimita 1 zuwa sama sai ka fara tsintar tsirkiya ɗaya-ɗaya. Ku duba fa. Mutum ya hana ni sayen abin da ya ce ya fi tsada. Wane ɓarawo ne zai ce maka kada ka ɓata kuɗinka? A nan na saki jiki. Har yanzu idan na kwanta wannan kalmar nake ji da muryarsa, a'a Malam, kada ka ɓata kuɗinka.

Jitar ma a hannun wani ɗan bautar ƙasa na saye ta da zai koma gida. Ya haɗa mini da fik guda ɗaya, ya faɗa cikin ramin jitar sau ba adadi ina girgiza shi yana fitowa, daga baya ya ɓace gaba ɗaya. Na koma kaɗawa da farce har gefen yatsana ya yi ja. Na zaga babbar kasuwa, masu kayan lantarki da masu sifika, wani ma bai gane abin da nake nufi ba, ya miƙo mini abin cire layin waya. Shi ya sa da na ga tallarsa a wani zauren masu koyon kiɗa na yi masa magana. Ni na fara yi masa magana, wannan ma yana ci mini rai.

Na manta ban faɗa ba, kafin maganar kauri sai da ya turo bidiyo. Hannu ne kawai a kan tebur yana baza fik kala-kala na Dunlop Tortex, yana kiran su: ja 0.50, ruwan lemo 0.60, ruwan ɗorawa 0.73, kore 0.88, shuɗi 1.0, sai mai ruwan makuba 1.14. Na shiga intanet na duba, haka suke, ko ɗaya bai kuskure ba. Har hoton kunkurun da ke jikinsu ya nuna. To ni me zan yi zargi? Ya ce shagonsa yana Legas, yana haɗa wa 'yan koyo saiti na guda goma sha biyu, da Tortex da na nailan masu ƙurji-ƙurji a wurin riƙewa don kada gumi ya sa su zame, da irin na Fender mai siffar 351 wanda ya ce shi ne siffar da kowa ya sani. N14,000. Na ce ya yi tsada, ya ce orijina ne daga Amurka, dala ta tashi. Na tura N14,000 a wurin mai POS na bakin layinmu, rasit ɗin yana hannuna.

Washegari ya ce kuɗin webil, wato na aiko kayan a mota, N3,500. Na tura. Ko a'a, ina jin maganar kunkurun ce ta riga webil, don ranar Talata ce na fito daga aji na ga saƙon muryarsa. Zan duba hirar, duk tana nan ban goge ba. Ya ce babban yaya, akwai guda ɗaya tak da ya rage na ainihin ƙoƙon kunkuru, irin na mutanen da, wani a Kaduna yana so amma ya fi son ya ba ni tunda na nuna ina son abin da gaske. N5,000. Ni da aka ce mini in fara da siriri, ni da ko sauya yatsu a kan tsirkiyoyi daga sautin G zuwa na C ban iya da kyau ba, me zan yi da ƙoƙon kunkuru? Amma na tura. N14,000 da N3,500 da N5,000. N22,500.

Daga nan sai labarin mota. Yau direba yana Kontagora. Gobe mota ta lalace a Yawuri. Jibi suna Koko ana gyaran taya. Ya san hanyar sarai, garuruwan a jere yake kiran su, shi ya sa ban yi tunanin komai ba. Kwana tara. Ranar na tara wani direba ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo, ya karɓi N500 nasa, wannan ma ban sa shi a lissafi ba. Na tambaye shi daga Legas yake? Ya dube ni ya ce shi Jega yake zuwa ya dawo kullum, wani yaro ne ya ba shi a bakin tasha da safe. Jega. Tun a nan gabana ya faɗi, amma na ce wataƙila canjin mota aka yi.

Ambulan ce ruwan ƙasa an naɗe ta da salatef kamar ana tsoron iska ta shiga. Na buɗe a tsakar gida. Guda goma sha biyu cif, wannan kam bai yi ƙarya ba. An yanke su da almakashi daga roba, gefen duk gatsa-gatsa, wani ma kusurwa huɗu gare shi. Masu ruwan ɗorawa daga jarkar man gyaɗa aka yanko su, har da ƙanshin. Shuɗin murfin bokiti ne. An rubuta 0.73 da maka a kan kowanne, har shuɗin. Na kunkurun kuwa guntun matajin kai ne mai ruwan ƙasa, ana ganin inda aka kankare haƙoran. Inna tana tankaɗe a gefe ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ce, wanga ba jarka ba ce? Nawa ka saye shi? Na ce kyauta aka ba ni. Ƙarya na yi wa mahaifiyata a kan robar jarka.

Na kira shi, tana shiga ba a ɗauka. Na tura hoto, alama biyu ta nuna ya gani. Minti kaɗan hoton fuskar shafinsa ya ɓace, ya toshe ni. Na koma zauren, ya fita tun kwana uku kafin nan. Sunan da ke kan asusun da na tura kuɗin ma ba shi ne sunan da ya gaya mini ba, na lura tun ranar farko a wurin mai POS, na tambaye shi ya ce na ƙaninsa ne mai kula da shago. Na yarda. Wannan kam laifina ne, na amsa. Amma mutumin da ya san kalar kowane kauri, ya san 351, ya hana ka sayen mai tsada, in ya ce asusun ƙaninsa ne, ku faɗi gaskiya, ku nawa ne za ku tsaya?

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, wani abokin aikina ɗan Zuru da ke kaɗa jita a cocinsu, da na nuna masa sai da ya zauna don dariya. Da ya gama ya ce duk abin da mutumin ya faɗa a kan kauri gaskiya ne, shi ma 0.73 yake ba yaran da yake koya wa. Amma na kunkuru, ya ce tun shekarun 1970 aka hana cinikin ƙoƙon kunkurun teku tsakanin ƙasashe, dalilin da ya sa aka ƙirƙiro Tortex ke nan ya maye gurbinsa, shi ne ma'anar hoton kunkurun. Wato ko da gaske ne yana da shi, haramtaccen kaya na biya N5,000 a kai. Sai ya buɗe jakarsa ya ciro fik biyu ya ba ni, ɗaya ruwan lemo ɗaya ruwan ɗorawa, ya ce in riƙe. Kyauta. Tebur ɗaya ne tsakanina da shi a ofishin malamai, wata uku ban tambaye shi ba don kada a ji ina koyon jita.

Hotunan hirar da rasit uku da saƙonnin muryar zan ɗora su anjima idan na rufe lambobina da ke ciki. Har da hoton jarkar. Na je banki na shigar da ƙorafi, sun ba ni takarda na cike, ina jira.

Kada ku tura kuɗi kafin kaya su iso. In sunan asusu ya bambanta da na mai magana, ku tsaya nan. Ɗan koyo ya nemi 0.60 ko 0.73 guda biyu wurin wanda ke kaɗawa a garinku, ya isa.

Wanda kuma ya san wani a Jega mai yanka jarka da almakashi yana kiran mutane babban yaya, ya yi mini magana ta akwatin saƙo. N22,500 ne.