Wace rauta za ka saya idan an jawo maka faiba a Kano?

Idan kamfani ya jawo maka faiba, wato intanet mai zuwa ta wayar gilashi, zai kafa wani ɗan akwati da ake kira ONT, inda siririyar wayar gilashin take shiga. Wannan ba na canzawa ba ne, domin kamfanin ya yi rajistar lambarsa a na'urarsu, kuma wanda ka sayo da kanka ba lalle ya hau layin ba. Abin da yake hannunka shi ne rautar da za ka jona masa, wato na'urar da take raba Wi-Fi a cikin gida. Kafin ma ka fita kasuwa, gwada Wi-Fi ɗin akwatin. Idan ciki da falo ne, kuma yana ba da 5GHz (zangon Wi-Fi da ya fi na 2.4GHz sauri), mai yiwuwa ya ishe ka, ka riƙe kuɗinka.

A Farm Centre ko Beirut Road, abin da mai shago zai fara nuna maka shi ne yawan eriya. Kai dai juya kwalin, ka nemi bayanin ramukan da ake soka waya a baya. In an rubuta 10/100, to komai tsadar tsarin da ka biya, gudun intanet ɗinka ba zai wuce kusan 94 Mbps ba. In an rubuta 10/100/1000 ko Gigabit, za ta kai wajen 940. Nan ne yawancin mutane suke asarar kuɗi. TP-Link WR840N da Tenda F3 suna da araha, amma ramukansu na 100 ne, kuma 2.4GHz kaɗai suke bayarwa. Sun dace da mai tsarin 20 ko 30 Mbps, ba fiye ba. Akwai kuma masu ruɗi. Archer C50 da Archer C6 duk AC1200 aka rubuta musu, amma C6 ce mai gigabit. Xiaomi 4A iri biyu ce, sai ka ga "Gigabit Edition" a kwalin. Haka Deco E4 ta 100 ce, Deco M4 ce ta gigabit.

Shi ma 1200 ɗin lissafin talla ne: an tara 300 na 2.4GHz da 867 na 5GHz, alhali wayarka ɗaya daga ciki za ta kama a lokaci guda, kuma ba za ta samu dukansa ba. Ga tsarin 50 zuwa 200 Mbps, Archer C6 ko makamanciyarta ta wadatar, ba ma ganin dalilin ƙara ko sisi. Idan gidan yawa ne, wayoyi sun haura ashirin ga talabijin da kyamarori, ƙara kuɗi ka ɗauki mai Wi-Fi 6 kamar Archer AX10 ko AX23, don ta fi iya raba layi tsakanin na'urori masu yawa. MikroTik hAP ac2 kuwa tana da ramukan gigabit biyar, kuma da ita za ka iya yanka wa kowane ɗan haya ko kwastoma gudunsa, sai dai saita ta sai wanda ya sani.

Ginin gidajenmu shi ne babbar matsala. Bulo da siminti da rufin kankare suna cinye 5GHz, bango biyu ya ishe shi ya raunana. 2.4GHz ya fi ratsa bango, amma a unguwa mai cunkoso rautocin maƙwabta duk a kansa suke. Saboda haka a gidan da ɗakin zaure yake nesa da cikin gida, ko mai bene, rauta ɗaya mai tsada ba za ta yi abin da biyu masu matsakaicin kuɗi za su yi ba. Ja waya daga ta farko zuwa ta biyu, ka saita ta biyun a kan Access Point, wato ta riƙa ba da Wi-Fi kawai, ta bar wa ta farko raba adireshi. 'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a soket don ta maimaita sigina takan rage gudun da kusan rabi, sai in babu yadda za a yi.

Wayar ma a kula da ita. A sayi Cat5e ko Cat6 ta tagulla zalla, kada tsawonta ya wuce mita 100. Mai arhar nan da aka rubuta wa CCA alminiyam ce aka shafa wa tagulla, tana saurin karyewa a ciki. Gigabit yana buƙatar duka silli takwas na wayar. In ɗaya bai matsu da kyau a kan ba, layin zai iya komawa 100 shiru, kai kuwa kana ta zargin kamfani.

Ware wani abu na wuta. Idan KEDCO ta ɗauke, faibar tana nan da ranta, akwatin da rautar ne suke mutuwa. Ƙaramin UPS, wato na'urar ajiyar wuta, mai batirin lithium yana iya riƙe su biyun na 'yan sa'o'i, amma duba rubutun adaftar kowanne, don wasu 12V suke ci, wasu 9V, kuma ba a yi musu musaya. A zafin Afrilu kada a kulle rauta a durowa ko a ɗora ta kan inbata. In ta yi zafi gudunta raguwa yake, ko ta riƙa kashe kanta tana tashi. A rataye ta sama a tsakiyar gida, a riƙa kaɗe ƙurar hunturu daga hujojin iskarta.

Ranar haɗawa, karɓi sunan shiga da kalmar sirrin PPPoE (waɗanda rauta take shiga layin kamfanin da su) daga ma'aikacin kamfanin, da lambar VLAN (lambar da take ware layin intanet ɗin) idan suna amfani da ita, ka roƙe shi ya mayar da akwatin kan Bridge, wato ya riƙa miƙa layin kai tsaye ga rautarka. In sun ƙi, saita taka rautar a kan Access Point, domin rauta biyu a jere kowace tana raba adireshi kan hana ka ganin kyamarorinka daga waje. Idan rauta ta hannu za ka saya kuwa, a jona maka ita da kwamfuta a shagon, ka ga ramin WAN (na shigowar intanet) da na LAN (na jona kwamfuta) duk sun nuna 1.0 Gbps kafin ka biya, don sau da yawa tsawar damina rami ɗaya take ƙonawa ta bar fitilun suna ci.